Tarihin Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin ƙasar Hausa da ya rasu a Alƙahira

A shekarar 1741, wadda ta yi daidai da 1154 bayan Hijira, Allah Ya yi wa Malam Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi rasuwa a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda ya bar littattafai a fannonin lissafi da taurari da nahawu da mandiƙi.

A halin da ake ciki, idan ana batun masu binciken ƙirƙirarriyar basira, ko masanan da ke tsara wa masana'antu hanyoyin rage asara, akasari hankalin jama'a kan tafi ne zuwa Amurka da Turai da China. To amma ginshiƙin dukkan waɗannan ayyuka abu guda ne, wato rubuta ƙa'ida daki-daki, ta yadda duk wanda ya bi ta, mutum ne ko na'ura, zai isa ga amsa ba tare da lalube ba. Kusan shekaru 300 da suka wuce ƙasar Katsina ta fitar da malamin da ya yi suna a kan irin wannan aiki, har malaman Masar suka durƙusa a gabansa suna ɗaukar karatu. Tarihinsa na da abin faɗa wa ɗaliban kimiyya na arewacin Nijeriya, da ma masu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano.

Katsina a zamaninsa

Malam Muhammad ya taso ne a lokacin da Katsina ke cikin ganiyarta ta fuskar ciniki da ilmi. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a shekarar 1591, wani kaso mai yawa na fataucin Sahara ya karkato zuwa ƙasar Hausa, kuma Katsina na cikin biranen da suka fi cin gajiyar wannan sauyi. Ayarin raƙuma kan iso da gishiri da tufafi da takarda, kazalika da littattafai da malamai. Tun kafin wannan lokaci, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammad al-Maghili ya zauna a Kano da Katsina yana karantarwa, sa'an nan a ƙarni na 17 birnin ya yi alfahari da manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwar al-Katsinawi ya fito ne daga littafin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan, Abdurrahman al-Jabarti, mai suna Aja'ib al-Athar. Shi al-Jabarti bai riski malamin ba, domin an haife shi ne a 1753, shekaru 12 bayan rasuwarsa, amma a gidansu malamin ya rasu, kuma a hannun mahaifinsa ya bar littattafansa. A cikin jerin laƙubban da ya ba shi akwai al-Danrankawi, wato ya jingina shi ga garin Ɗan Ranko. Ya kuma siffanta shi a matsayin malami mai kaifin fahimta, wanda ya yi zurfi a fannoni da dama.

Malamansa da karatunsa

Al-Jabarti ya ambaci malamai huɗu da al-Katsinawi ya yi karatu a wajensu tun yana gida. Akwai Imam Muhammad bin Sulaiman, wanda ake jingina shi ga Borno da Bagarmi, da Shehu Hashim, da Shehu Muhammad Fudu, da kuma Shehu Muhammad Bindu. A wajen Shehu Fudu ya shafe kimanin shekaru 4, yana tare da shi a gida da kuma a halin tafiya, inda ya karanci adabi da sarfu da nahawu. Da farko malamin kan kira shi da sunan mai Maƙamat, saboda yadda ya haddace wannan littafi na adabi, daga bisani da ya ga ƙwarewarsa a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi, wato sunan babban limamin wannan fanni.

A wajen Shehu Muhammad Bindu kuwa ya koyi hisabi da ilmin sanin lokuta bisa tafarkin malaman Magrib, da ilmin haruffa da na hatimi, baya ga usulu da balaga da mandiƙi. Wajibi ne a lura cewa a wancan zamani malami ba ya wadatuwa daga lissafi. Da shi ake rabon gado, da shi ake fitar da zakka, da shi ake tantance lokutan salla da fuskar alƙibla. Hatta mawallafan waƙoƙin ajami na ƙasar Hausa kan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta sai ta ba da shekarar da aka yi waƙar. Ke nan lissafi ba baƙo ba ne a zauren malam.

Hanyar Makka da zaman Masar

Daga baya malamin ya kama hanyar aikin Hajji. A wancan lokaci tafiya ce ta ƙasa, a kan raƙumi da jaki da ƙafa, wadda kan ɗauki shekaru. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, har ma a wani zango ya tsaya tsawon watanni 5 yana karatu a wajen wani malami. An kuma ce ya rubuta labarin abubuwan da ya gamu da su a wannan tafiya.

Ya sauke farali a shekarar 1142 bayan Hijira, wato 1730, kana ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ne ya fara wallafa babban littafinsa mai suna al-Durr al-Manzum, wanda ya shafi taurari da ɗalasimai, kuma ya ɗora shi a kan wani tsohon littafi da ake jinginawa ga Fakhruddin al-Razi. Ya kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146. Littafinsa na biyu, wanda masana lissafi suka fi mayar da hankali a kai, shi ne Bahjat al-Afaq, da ya rubuta a wajajen 1732 a kan ilmin haruffa da hatimi. Bugu da ƙari yana da waƙe a fannin mandiƙi mai suna Manh al-Quddus, wanda shi da kansa ya yi masa dogon sharhi, da kuma littafin nahawu mai suna Bulugh al-Arab.

A Alƙahira, wadda a lokacin ke ƙarƙashin daular Usmaniyya, ya fara zama ne a unguwar Darb al-Atrak da ke daura da masallacin Azhar. Abin lura a nan shi ne, baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa ya iso cibiyar ilmi mafi girma a duniyar Musulmi yana ɗauke da fannin da manyan malamanta ke bukata daga gare shi, kuma a gida ya samo shi.

Mene ne a cikin hatimi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hatimi, wato zanen nan mai gidaje kamar na dara da ake cikawa da lambobi ko haruffa. Ta fuskar lissafi, sharaɗinsa shi ne a jera lambobi a cikin gidajen, kowace sau ɗaya, ta yadda jimillar kowane layi na kwance, da kowane layi na tsaye, da layuka biyu na kusurwa zuwa kusurwa, za ta zama ɗaya. A hatimi mai gida 3 a kowane gefe jimillar 15 ce, a mai gida 5 ita ce 65, a mai gida 7 kuwa 175. Ana samun wannan jimilla ne idan aka ninka yawan gidajen gefe da kansa, aka ƙara 1, aka sake ninkawa da yawan gidajen gefen, sa'an nan aka raba biyu.

Fanni ne mai dogon tarihi. Mutanen China sun daɗe da sanin hatimi mai gida 3. A ƙarni na 10 ƙungiyar malaman nan ta Ikhwan al-Safa ta kawo misalansa a cikin rubuce-rubucenta, kuma masanin lissafi Abul Wafa al-Buzjani ya yi littafi a kansa. Gudummawar al-Katsinawi ita ce tattara hanyoyin gina hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7, tare da bayyana su a tsare ga ɗalibi.

Domin mai karatu ya fahimci irin wannan aiki, ga ɗaya daga cikin hanyoyin da malaman lissafi na Musulmi suka daɗe suna amfani da su. A rubuta 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Kowace lamba ta gaba a sa ta a karkace, wato a sauko gida ɗaya a kuma matsa gida ɗaya zuwa dama. Idan aka faɗa waje ta ƙasa sai a ɓullo ta sama, idan aka fita ta dama sai a shigo ta hagu, tamkar an naɗe takardar gefe ya haɗu da gefe. Idan kuwa gidan da za a shiga akwai lamba a ciki, sai a sauko gida biyu daga lambar da aka rubuta ta ƙarshe. Wanda ya bi wannan a hatimi mai gida 3 zai samu 4 da 9 da 2 a layin sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa. Ƙa'idar ba ta canjawa ko da gidajen gefe sun kai 99.

Irin wannan jerin umarni, mai mafari da mataki da abin yi idan hanya ta toshe, shi ne masana kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9. A cikin littafin nasa al-Katsinawi ya kuma hori ɗalibai da kada su karaya idan lissafi ya ƙi fita, yana mai nuna cewa naci na daga cikin sharuɗɗan fannin.

Saɓanin malamai

Ko shakka babu, malamin bai rubuta waɗannan littattafai domin lissafi kawai ba. Kamar sauran masana na zamaninsa, ya ɗauki haruffa da lambobi a matsayin masu ɗauke da asirai, ya kuma shawarci ɗalibai da su riƙa ɓoye abin da suka koya daga waɗanda ba su cancanta ba. Wannan ɓangare ne da malaman Musulunci suka daɗe suna taƙaddama a kai. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya soki ilmin asiran haruffa a cikin Muƙaddimarsa, inda ya haɗa shi da sihiri, kuma har gobe malamai da dama a arewacin Nijeriya na haramta duba da ɗalasimai.

Mai yiwuwa wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a cika ambaton sunansa a azuzuwan lissafi ba. Sai dai masu nazarin tarihin kimiyya na rarrabe abubuwa biyu, wato abin da ake fata hatimi ya yi wa mai shi, da kuma hujjar lissafin da aka gina shi a kanta. Na farkon shi ne abin saɓani. Na biyun kuwa kowa na iya gwada shi da alli a kan allo, kuma jimillar za ta fita 15 a hannun wanda ya yarda da asiri da wanda ya ƙaryata shi.

Rasuwarsa da magajinsa

Daga cikin waɗanda suka ɗauki ilmin hatimi da hisabin haruffa a wajensa akwai Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin, wanda babban malami ne a Azhar kuma ya shahara a ilmin taurari da awo. A gidansa ne al-Katsinawi ya cika, bayan ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Bustan al-Ulama, ya kuma sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Rayuwar wannan ɗalibi nasa ta nuna inda irin wannan tarbiyya ta lissafi kan kai mutum. A wajajen 1758, lokacin da ma'aunan kasuwannin Alƙahira suka lalace, ana ta tauye wa jama'a haƙƙi, Shehu Hasan ne ya tara maƙera da masu zubin ƙarfe, ya tsaya a kansu aka gyara sikelin birnin bisa ƙa'ida, kana ya rubuta littafi a kan ma'aunai. Malamin zaure ya shiga kasuwa da maƙera, ya warware matsalar da ta addabi 'yan kasuwa da masu saye.

Daga allo zuwa kwamfuta

A nahiyar Turai ma masana sun bi wannan fanni ta tasu hanyar. A 1782 aka buga wani nazari na Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, a kan wani sabon nau'in hatimi wanda kowace alama ke fitowa sau ɗaya tak a kowane layi na kwance da na tsaye. Bayan kimanin shekaru 140, Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya yi amfani da irin wannan tsari wajen gwada taki da iri a gonaki. Daga gona dabarar ta shiga masana'antu.

Tambayar yawan hatiman da za a iya ginawa kuwa ta zama ma'aunin ƙarfin kwamfuta. Idan ba a lissafa juyawa da birkitawa ba, hatimi mai gida 3 guda ɗaya ne kacal. Mai gida 4 yana da 880, kamar yadda wani Bafaranshe mai suna Frénicle ya ƙirga, aka buga a 1693. Mai gida 5 sai da aka jira kwamfuta, inda a 1973 Richard Schroeppel ya samu 275,305,224. Mai gida 6 kuwa ya ƙi ƙirguwa har sai a 2024, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Japan ya rarraba aikin ga na'urori masu yawa suna lissafi a lokaci guda, aka samu adadi mai lambobi 20. Wannan dabara ta raba babban aiki ga dubban ƙananan injinan lissafi ita ce kuma ake amfani da ita wajen horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira.

Bompai da Sharaɗa da Challawa

To ina wannan ya shafi Kano? Unguwar masana'antu ta Bompai ta faro ne tun ƙarshen zamanin mulkin mallaka, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa daga shekarun 1970, da kamfanonin jima da saƙa da robobi da man girki da kayan zaƙi. Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da yawa daga cikinsu sun rufe, sakamakon ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan aiki da kwararowar kayayyaki masu araha daga ƙetare. Waɗanda suka rage kuma sun fuskanci faɗuwar darajar naira daga 2023 da ƙarin kuɗin wuta a 2024.

Lissafi ba zai kawo wuta ba, kuma ba zai hana fasa-ƙwauri ba. Amma wanda ribarsa ta ƙanƙance shi ya fi kowa bukatar kada ya zubar da ko kwabo. Alal misali, a ce wani kamfanin jima a Challawa na son gwada haɗin sinadari iri 4, ya san kuma cewa ingancin fata na bambanta bisa gangar da aka juya ta a ciki da kuma kasuwar da aka sayo ta. Idan yana da ganguna 4 da fatu daga kasuwanni 4, gwada komai da komai na nufin gwaji 64. Da tsarin hatimin Euler gwaji 16 sun isa a kwatanta haɗe-haɗen bisa adalci, domin kowane haɗi zai shiga kowace ganga sau ɗaya, ya kuma haɗu da fatar kowace kasuwa sau ɗaya. An tsira da fatu da sinadari da man janareta na gwaji 48.

Haka nan manajan da ke da injina da dama da odar kaya iri-iri, ga 'yan sa'o'in wuta ƙalilan, tambayarsa kullum ita ce wane aiki za a ɗora a kan wane inji, kuma da wane lokaci. Irin wannan tambaya ce wani kamfanin katako a birnin Leningrad ya kai wa Leonid Kantorovich, wanda a 1939 ya wallafa hanyar warware ta, abin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Jera abubuwa a gidaje ne bisa sharuɗɗa, sai dai a maimakon jimillar 15, abin da ake nema shi ne kaya mafi yawa da kuɗi mafi ƙaranci. Jami'ar Bayero da ke Kano, da ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, duk suna yaye ɗaliban lissafi da kwamfuta da injiniyanci a kowace shekara, kuma da dama daga cikin haziƙansu kan nufi ƙetare, kamar yadda ƙwarewar al-Katsinawi ta ƙare da amfanar Alƙahira.

Yadda aka sake gano shi

A ƙarni na 20 an buga al-Durr al-Manzum a Alƙahira, yayin da wani rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi ke ajiye a makarantar nazarin Afirka da ƙasashen gabas ta Jami'ar London. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, masani ɗan Kano, ya wallafa nazari a kan bayanin da al-Katsinawi ya yi game da ramzi, a wata mujallar bincike ta Jami'ar Ibadan. A 1973 kuma Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a cikin littafinta mai suna Africa Counts, wanda ya shafi tarihin lissafi a Afirka. Daga wannan lokaci ne sunansa ya fara shiga littattafan tarihin lissafi na ƙasashen duniya.

A ƙasar da ta haife shi kuwa, inda yara ke ganin hatimi tun suna makarantar allo, kaɗan ne daga cikin ɗaliban da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta suka san cewa wani Bakatsine ya koyar da ƙa'idar cika waɗannan gidaje a gefen Azhar, shekaru fiye da 200 kafin a ƙera kwamfutar lantarki ta farko.